TURA PDF A WHATSAPP BA KOYARWA BA CE



Tun farko bari in amsa wa masu cewa me ya kai mai difloma tsoma baki a harkar jami'a. Gaskiyarsu ce, ban taɓa zama a ajin digiri ba. Amma ni nake biyan kuɗin rajistar yara biyu da ke jami'a yanzu haka, ɗana da ɗan marigayi yayana, kuma ni ake bugo wa waya idan data ta ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. A zangon karatun da ya wuce, ɗan yayan nawa ya zo gida Damagum ranar Juma'a domin ya duba mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Ranar Asabar bayan sallar isha'i sai wani abokinsa ya kira shi ta ƙaramar wayar mahaifiyar, ya ce wakilin aji ya sa sanarwa a guruf ɗinsu na WhatsApp: malami zai yi gwaji ta intanet ƙarfe tara daidai, minti ashirin, maki talatin. Wayar yaron tana shagon mai caji, domin mun kwana uku ba wuta. Ya ruga ya karɓo ta, ya sayi data, ya fita bakin kwalta inda sabis ya fi ƙarfi. Shafin bai buɗe ba sai da ya rage minti shida. Yana tambaya ta huɗu abin ya tsaya yana ta juyawa har lokaci ya cika.

Ranar Litinin ya je ya sami malamin cikin ladabi. Amsar da aka ba shi ita ce: “Duniya ta ci gaba. Wanda bai shirya ba ya koma gona.” Yaron ya faɗi kwas ɗin, zai maimaita shi baɗi. Da na bincika sai na gano sau uku kacal malamin ya shiga aji a duk zangon. Sauran karatun takardun PDF ne da ake turowa a guruf, wasu ma hoton tsohon handawut ne da aka ɗauka da waya, rabin shafin ya karkace. A rasit ɗin rajista kuwa, wanda yake aljihuna, akwai layi guda da aka rubuta kuɗin ICT, kuma na biya.

Ba zan kama sunan jami'ar ko malamin ba, domin ba faɗa da mutum ɗaya na fito yi ba. Na zauna da ɗalibai 'yan garin nan da suka zo hutu daga jihohi daban-daban, kowa ya buɗe baki sai ka ji kamar ajinsu ɗaya. Abin ya zama ɗabi'a: duk malamin da ya gaji da shiga aji sai ya fake da fasahar zamani, duk makarantar da ta rasa wurin zaunar da ɗalibai sai ta ce an koma intanet. Nauyin da ya kamata malami da makaranta su ɗauka an sauke shi a kan ɗan talaka, an kuma raɗa wa abin suna ci gaba.

Ga malamin da ya ce a koma gona, ina da saƙo guda. Gonar ce ta biya kuɗin rajistar. Wake da riɗi muka sayar.

MU TUNA DA 2020

Duk wanda yake son sanin gaskiyar shirinmu ya waiwayi shekarar korona. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a faɗin ƙasar nan. A watan Afrilu ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Ƙungiyar ASUU, wadda ta riga ta shiga yajin aiki tun watan Maris, ta fito ta ce abin ba zai yiwu ba domin babu kayan aiki. Yajin aikin bai ƙare ba sai a watan Disamba, wata tara cur. Jami'o'in kuɗi da dama sun ci gaba da karatunsu ta intanet, 'ya'yan masu hali suka yi gaba. Namu yaran suka cika majalisu da wuraren kallon ƙwallo, wasu suka kama tuƙin Keke Napep, 'yan mata da yawa aka yi musu aure, karatun bai sake dawowa ba. A 2022 aka sake wani yajin aikin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

To abin mamaki shi ne, malaman da suka gaya wa gwamnati a 2020 cewa babu wuta, babu intanet, babu kayan aiki, a cikinsu ne yau ake samun masu ba ɗalibi minti ashirin da daddare su ce laifinsa ne idan sabis ya ɗauke. Wutar da babu ita a lokacin, yaushe ta zo? In hujjar ta yi wa malami aiki a gaban gwamnati, me ya hana ta yi wa ɗalibi aiki a gaban malami?

Mu mutanen Yobe ba sai an yi mana bayanin abin da ake nufi da ɗaukewar sabis ba. A watan Mayu na 2013, bayan an sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya gaba ɗaya, muka yi kusan wata biyu ba mai kiran wani. A shekarun nan ne aka kashe mana ɗalibai a Mamudo, da Kwalejin Aikin Gona ta Gujba, da Buni Yadi, da Potiskum. Allah Ya jiƙansu. Yaran da suke jami'a yau su ne suka yi firamare a cikin wancan tashin hankali, makaranta a buɗe yau, gobe a rufe. In da akwai jihar da karatu daga nesa zai yi wa rana, to tamu ce. Shi ya sa wasa da abin yake mana ciwo fiye da kowa.

WA YAKE BIYA?

A yi lissafi a fili. Kafin yaro ya halarci lacca ɗaya ta bidiyo kai tsaye, sai ya mallaki babbar waya. Sai wayar ta sami caji, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, mai shagon caji da ke tayar da janareta shi ma ya ƙara kuɗi. Sai kuma data. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har da kashi 50 cikin ɗari. Awa guda ta bidiyo kai tsaye tana cin ɗaruruwan megabayit. Ka ninka wannan da kwasa-kwasai takwas ko tara, ka ninka da makonnin zango. Sannan ka tuna cewa wannan lissafin na ɗan cikin garin Damagum ne, mai zama a bakin babbar hanyar Potiskum zuwa Damaturu. Ɗan Jajere ko Kayeri ko ƙauyukan bayan Ngelzarma, wanda ya je gida hutun tsakiyar zango, shi sai ya nemi tudu.

Malami bai biya ko kwabo ba wajen tura PDF. Makaranta ta huta da neman ɗakin lacca da dizal. Ɗalibi shi ya sayi wayar, shi ya biya caji, shi ya sayi data, kuma sau da yawa shi zai je shagon kwamfuta ya biya a buga masa takardar, domin ba wanda zai iya karanta shafi tamanin a fuskar waya idonsa bai yi ruwa ba. A da ana kuka da sayar da handawut. Yanzu an yi gudun gara an faɗa gidan zago: handawut ɗin yana nan, malamin ne ya ɓace.

Koyarwa kuwa ta wuce miƙa takarda. Koyarwa ita ce malami ya kalli fuskokin yara ya gane ba su fahimta ba, ya sake bayani da wani misali. Yaro ya ɗaga hannu ya yi tambaya. A duba aikinsa a nuna masa inda ya kuskure. In na'ura ta taimaka wa malami ya yi waɗannan fiye da da, muna maraba da ita hannu bibbiyu. In kuwa ta zama ƙofar da yake sulalewa ta cikinta, to a kira abin da sunansa, gudun aiki.

JARRABAWAR KWAMFUTA

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Manyan makarantu da yawa sun bi sahu, musamman a kwasa-kwasan shekarar farko masu tarin ɗalibai. Ban ce babu alheri a ciki ba. Na'ura ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro, ba ta neman yarinya ta same ta a ofis, kuma sakamako ba ya yin wata shida a cikin durowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, duk uban da yake da 'ya mace a makaranta ya san haka.

Amma a duba abu biyu. Na farko, yaranmu da yawa ranar jarrabawar JAMB ce ranar farko da suka taɓa riƙe linzamin kwamfuta. Na ga yaro mai ƙoƙari, wanda yake na ɗaya a ajinsu, ya dawo yana hawaye domin minti goma na farko ya ɓata su wajen neman yadda zai matsa zuwa tambaya ta gaba. Wannan jarrabawa ba iliminsa ta auna ba, gidan da aka haife shi ta auna. Ni kaina lokacin da nake difloma, fiye da shekara ashirin da suka wuce, a kan allo malami ya zana mana madannan kwamfuta da alli, muka haddace, muka ci jarrabawa, ba mu taɓa ta ba. Abin kunya ne a ce har yau akwai makarantun sakandare da haka ake yi, ga shi kuma ana ta maganar mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta.

Na biyu, na'ura tana kuskure. A watan Mayu na 2025 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta lalata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma ba su damar sake rubutawa. Wannan hukuma ce ta ƙasa, mai kuɗi da ƙwararru, ta amsa laifinta a bainar jama'a. To wane ne malamin da zai ce shafin da ya haɗa a wayarsa ba ya kuskure, kullum ɗalibi ne maƙaryaci?

Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba. Jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu tana da sauƙin dubawa, shi ya sa ake son ta. Amma yaron da ya yi shekara huɗu yana danna A, B, C, D zai fito da digiri bai iya rubuta takardar neman aiki mai shafi ɗaya ba. A matsayina na sakatare, takardun matasanmu masu digiri suna biyowa ta hannuna. Ba zan tona asiri ba, amma abin yana sa ni sunkuyar da kai.

ABIN DA ZA SU CE

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Za a ce yaran nan suna da datar TikTok da ta kallon ƙwallon Ingila, sai ta karatu ce babu. Akwai gaskiya a ciki, kuma na faɗa wa nawa yaran ido da ido. Amma wanda ya kalli bidiyon barkwanci sabis ya ɗauke, bai yi asarar komai ba, gobe zai ƙarasa. Wanda sabis ya ɗauke masa a tsakiyar gwaji ya yi asarar shekara. Kuma lalacin wasu ɗalibai ba ya halatta wa malami ya bar aikin da ake biyansa albashi dominsa.

Za a ce malaman suna cikin wahala: aji ɗaya ɗalibi ɗari biyar, albashi ba ya kai wata, abokan aikinsu suna ta ficewa ƙasashen waje. Wannan ma gaskiya ne, kuma ina tare da su a kokensu. Na san malamai na ƙwarai, masu tsoron Allah, da ke sayen data da kuɗin aljihunsu su naɗi bayani su tura wa ɗalibai bayan sun gama lacca a aji. Allah Ya saka musu da alheri. Su ne ma hujjata, domin sun nuna abin yana yiwuwa. Amma in gwamnati ta zalunce ka, maraya ɗan Damagum ba shi ne zai biya bashin ba.

Akwai kuma wasu daga cikin dattawanmu da suke ganin wayar ce musiba, a ƙwace ta a koma alli da allo. Da girmamawa nake cewa, Baba, wannan jirgin ya riga ya tashi. Rajista ta intanet ake yi, neman bashin karatu na NELFUND ta intanet, ɗaukar aikin soja da ɗan sanda ta intanet. Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, ƙirƙirarriyar basira ta shigo aji ko mun so ko mun ƙi. Yanzu yaro zai kwafi tambayar jinga ya liƙa, cikin daƙiƙa goma a rubuta masa amsa. Ku duba inda aka kwana: malami ya turo takardar da bai koyar ba, ɗalibi ya mayar masa da amsar da bai rubuta ba, kowa ya yaudari kowa, a ƙarshe a ba da digiri. Maganin wannan ba hana waya ba ne. Maganinsa malamin da ya san ɗalibinsa, wanda zai tsayar da shi ya ce, “Yi mini bayanin abin da ka rubuta da bakinka.” Zuwan na'ura ƙara buƙatar malami ya yi.

YADDA AKE YI IN DA GASKE AKE

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman firamare nawa ne a ƙasar Fune suka sami NCE ta hanyar NTI, cibiyar horar da malamai da aka kafa a Kaduna a 1976? Littattafai ake ba su waɗanda aka rubuta musamman domin mai karatu shi kaɗai, sannan a haɗu da malami a ƙarshen mako. Jami'ar NOUN tana da cibiya a Damaturu, kuma littattafan kwasa-kwasanta suna nan a intanet kyauta ga mai so. A Ingila, jami'ar karatu daga gida ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971 da rediyo da talabijin da gidan waya, tun ba a san intanet ba. Duk waɗannan sun fara ne da tambaya guda: me ɗalibinmu yake da shi a hannu? Sai suka gina karatun a kan amsar.

Ɗalibinmu yana da waya mai ƙaramin caji da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Saboda haka abin da ya dace da shi a bayyane yake. Sautin murya na awa guda bai fi megabayit goma zuwa ashirin ba, yaro zai sauke shi sau ɗaya ya yi ta saurare, har ya tura wa abokinsa ta Xender ba tare da data ba. Akwai manhajar koyarwa mai suna Moodle, kyauta ce, jami'o'i a duniya suna amfani da ita, kuma ana iya ɗora ta a kan na'urar makaranta yadda duk wanda ke cikin harabar zai shiga ta waifai ko da babu intanet na waje. Sola kuwa, rana ce abin da Allah Ya wadata mu da ita. Asusun TETFund yana ba manyan makarantun gwamnati tallafi, ciki har da na kayan fasahar sadarwa. Ba abin da ya gagara a nan, niyya ce da bin diddigi.

Don haka ga kiranmu ga shugabannin manyan makarantun da 'ya'yanmu suka fi zuwa, tun daga Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, har zuwa na Maiduguri da Bauchi da Kano da Zariya. Ba tuhuma ba ce, roƙo ne na iyaye:

1. Duk makarantar da ke karɓar kuɗin ICT ta bayyana wa ɗalibai a rubuce abin da kuɗin ya saya musu.

2. Duk gwajin da ke ɗauke da maki a yi shi a cikin makaranta, a kan na'urorin makaranta, a lokacin da aka sanar tun da wuri. In dole sai ta waya, a ba da kwana guda cikakke, a kuma tanadi ranar ramuwa ga wanda na'ura ta ci amanarsa.

3. A riƙa ƙirga shigar malami aji kamar yadda ake ƙirga ta ɗalibi. PDF ƙari ne a kan lacca.

4. A horar da malaman kansu. Mutum yana iya zama farfesa a fanninsa bai san yadda ake tsara darasi domin waya ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

5. A buɗe hanyar da ɗalibi zai kai ƙara ba tare da an gane shi an kayar da shi ba. Tsoron nan shi ya sa iyaye ba sa jin labari sai ɓarna ta gama faruwa.

NAMU KASON

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu ma mutanen Damagum muna da laifi. Muna da 'yan siyasa, da manyan ma'aikata, da 'yan kasuwa masu tireloli. Lokacin zaɓe ana raba babura da atamfa. Ɗaki guda mai kwamfuta ashirin da sola, inda kowane yaro ɗan aji shida na sakandare, mace da namiji, zai zauna ko da awa biyu a mako kafin ya je JAMB, bai kai kuɗin mota ɗaya daga cikin waɗanda ake shigowa da su garin nan ranar ɗaurin aure ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matasanmu da suka karanta kimiyyar kwamfuta suna zaune ba aiki, ga masu koyarwa nan a shirye.

Iyaye kuma mu daina tsayawa a “ya karatu?” Mu tambayi yaro: sau nawa malamin kwas kaza ya shigo a watan nan? Nuna mini abin da ka rubuta da hannunka. Ku kuma ɗalibai, ku ji tsoron Allah. Digirin da na'ura ta rubuta maka ba zai tsaya maka ba ranar da aka ajiye maka aiki a gabanka.

Ɗan yayana zai koma ya maimaita kwas ɗinsa, ni kuma zan sake biyan kuɗin ICT in Allah Ya kai mu kaka. Amma wannan karon zan bi shi har makarantar in tambaya a nuna mini abin da na saya.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba malamanmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya,
Damagum, Ƙaramar Hukumar Fune.